Ciwon noma da ƙagewar muƙamuƙi: abin da binciken da aka yi a jihar Damagaram ya koya mana

 Wannan bayani mun ajiye shi a nan ne domin a riƙa komowa gare shi duk lokacin da buƙata ta taso, a kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Magana ce a kan wani ciwo na yara ƙanana da ke somawa daga dasashi, ya ci kunci, wani lokaci ya bar mutum da bakin da ba ya buɗuwa har ya girma. Likitoci na kiran shi noma. Ɗaya daga cikin manyan binciken da aka taɓa yi a kansa, a nan jiharmu ta Damagaram aka yi shi, a kan yaran ƙauyuka irin namu. Saboda haka mu ne muka fi cancanta mu san abin da aka gano.

Sunan ciwon

Da farko mu kau da ruɗani. Wannan noma ba ta da alaƙa da noman gona. Kalma ce ta harshen mutanen Girka, mai ma'anar cinyewa, kamar yadda dabba ke cinye ciyawar fili tana ƙara gaba. A ƙasar Hausa kuwa wasu na ce masa ciwon iska, wasu ciwon daji. Sunayen nan biyu su kansu suna jawo ɓata lokaci. Wanda ya ji an ce iska sai ya nufi wajen mai magani, wanda ya ji an ce daji sai ya ɗauka babu magani, ya zauna jiran ikon Allah. Alhali kuwa ƙwayoyin cuta ne na cikin baki ke yin wannan ɓarna, kuma ƙwayoyin magani masu arha na tsayar da su idan an zo da wuri.

Ciwon ya fi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta a 1998 cewa yara 140,000 ke kamuwa da shi kowace shekara a duniya, kuma idan ba a yi magani ba, kusan 9 cikin 10 mutuwa suke yi. Babu shaidar cewa wani na ɗaukar shi daga wani, saboda haka babu dalilin gudun yaron ko ware masa kwano. A da can har a Turai akwai shi. Da mutane suka samu wadataccen abinci da tsabtataccen ruwa sai ya ɓace, bai sake bayyana a can da yawa ba sai a sansanonin tsare mutane na Auschwitz da Bergen-Belsen lokacin yaƙin duniya na biyu, inda aka bar su da yunwa. Wannan tarihi kaɗai ya isa ya nuna mana abokin tafiyarsa. A ranar 15 ga Disamba 2023, OMS ta sa noma a jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, bayan Najeriya ta gabatar da buƙatar a madadin ƙasashe 32.

Yadda yake tafiya, mataki-mataki

OMS ta kasa tafiyar ciwon kashi-kashi, domin ma'aikacin likita na ƙauye da uwa a gida su iya gane inda aka kai.

Kafin komi, akwai kumburin dasashi na yau da kullum. Dasashi ya yi ja, in an taɓa ko an goge sai ya yi jini. Wannan bai zama noma ba tukuna, yara da yawa suna yin shi su warke. Amma ga yaro mai tamowa, ko wanda ya tashi daga jinya, ƙararrawa ce.

Mataki na 1: dasashi ya fara gyambo, yana jini da kansa ba a taɓa ba, baki na wari mai ƙarfi wanda ba a saba ji ba, miyau na zuba, yaro na ƙin abinci saboda zafi. Uwa ce ke fara jin warin nan, in tana goye da shi ko tana ba shi kunu.

Mataki na 2: kunci ko leɓe ko ƙarƙashin ido ya kumbura, kumburin da tauri da zafi, ga zazzaɓi. Daga nan an shiga gaggawa. Ana lissafi ne da kwanaki, wani lokaci ma kwana biyu ko uku sun isa a wuce zuwa mataki na gaba.

Mataki na 3: wani baƙin tabo ya fito a kan kumburin. Naman wurin ya mutu ke nan. Zai faɗi ya bar rami, har a ga haƙora da ƙashi daga waje. A wannan mataki ne yara suka fi rasuwa, saboda ƙwayoyin cutar sun shiga jini, ga rashin ruwa a jiki, ga yunwa.

Mataki na 4: wanda ya tsira, gyambon ya fara haɗewa. Haƙoran da suka girgiɗe da mataccen ƙashi suna fita, nama na tsukewa. A nan ne baki ke fara ƙin buɗuwa.

Mataki na 5: ciwon ya tafi, ɓarnar ta zauna. Rami a fuska, haƙora a karkace, wahalar ci da magana, miyau na zuba, muƙamuƙi a ƙage.

Abin riƙewa shi ne, a mataki na 1 da farkon na 2, yaro na iya warkewa sarai ba tare da ko tabo a fuska ba. Daga baƙin tabon nan kuwa, naman da ya mutu ba ya dawowa.

Binciken da aka yi a jiharmu

Daga watan Agusta 2001 zuwa Oktoba 2006, wata tawagar masana daga Jeneba ta ƙasar Suwis, mai suna GESNOMA, ta yi aiki a yankin Damagaram. Dabararsu mai sauƙin fahimta ce. Duk yaron da aka samu da noma yana cikin zafinta, sai a nemo yara kamar huɗu sa'o'insa daga ƙauyensu waɗanda ba su kamu ba, a auna su duka, a yi wa iyaye tambayoyi iri ɗaya, a ɗebi jini da abin da ke jikin dasashi. A ƙarshe sun kwatanta yara 82 masu noma da yara 327 marasa ita. An buga sakamakon a mujallar Lancet Global Health a 2013.

To, me ya bambanta yaron da ya kamu da maƙwabcinsa da bai kamu ba, alhali rijiya ɗaya suke sha? Binciken ya nuna abubuwa kamar haka. Yaron da tamowa ta tsumburar da shi, ko ta ramar da shi, ya fi shiga haɗari. Haka yaron da ya yi zawo, ko ciwon ƙirji, ko zazzaɓi a cikin wata 3 da suka wuce. Haka wanda uwarsa ta yi ciki da yawa kafin shi. Sai na ƙarshe, wanda zai ba wasu dariya: gidan da babu kaji. Kada a ɗauka kaza magani ce. Mu da muke zaune a ƙauye mun san gidan da ko kaza babu, talauci ya kai inda ya kai, babu ƙwai, babu abin da za a kama a sayar ranar kasuwa in yaro ya kwanta.

Wajen ƙwayoyin cuta ma an samu darasi. Kafin wannan lokaci, wasu masana da suka yi aiki a Najeriya sun zargi wata ƙwaya mai suna Fusobacterium necrophorum, wadda aka sani a jikin dabbobi, har aka yi tunanin ko zama kusa da bisashe ne ke kawo ciwon. Binciken Damagaram bai tabbatar da haka ba. Abin da ya gano shi ne, ƙwayoyin da ke zaune a bakin kowa ne suka rikice: wasu da ke da yawa a lafiyayyen baki suka ragu, wasu irin su Prevotella suka yi yawa. An kuma ga cewa ƙwayoyin da ke bakin yaro mai gyambon dasashi sun yi kama ƙwarai da na bakin yaro mai noma. Wato gyambon dasashin nan shi ne ƙofar.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayoyin suna nan tun da. Yunwa da jinya ne ke tsaga bangon. Ƙyanda, wadda wasunmu ke kira dussa, da zazzaɓin cizon sauro suna cikin cututtukan da likitoci suka daɗe suna ganin noma na biyo bayansu. Shi ya sa ya kamata mu ƙara sa ido daga bazara zuwa ƙarshen damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, iyaye mata kuma suna wuni a gona.

Me ke kulle bakin?

Mu ɗan tsaya a nan, domin wannan ne ɓangaren da mutane ba su cika sani ba. Muƙamuƙin ƙasa shi kaɗai ne ƙashin fuska da ke motsi. Yana rataye da gaɓa biyu, ɗaya a gaban kowane kunne. Sa yatsa a wurin ka buɗe baki, za ka ji tana motsawa. Babban mutum mai lafiya na buɗe baki kamar milimita 35 zuwa 50, wato yatsunsa uku a jere su shiga tsakanin haƙoran sama da na ƙasa.

A yawancin masu noma, gaɓar nan ta gaban kunne lafiyarta lau. Matsalar tana cikin kunci. Idan gyambo ya ci naman kunci da tsokar da ke tauna, jiki na cike wurin da tabo. Tabo kuwa ba ya miƙewa kamar nama, tsukewa yake yi yana ƙara tauri, kamar ɗanyar fata da aka ɗaure abu da ita ta bushe a rana. Sai ya zama igiya tsakanin muƙamuƙin sama da na ƙasa. Wata bayan wata igiyar na gajarta. A wasu yaran ma tabon na rikiɗa ya zama ƙashi, ya haɗe muƙamuƙin ƙasa da na sama ko da ƙashin kunci, ya zama gada. In an kai nan, ko ƙarfin wa aka sa bakin ba zai buɗu ba, sai aikin tiyata.

Illar ba ta tsaya ga kamanni ba. Yaron ba ya iya tauna tuwo, sai kunu da fura da ake turawa ta tsakanin haƙora ko ta ramin kunci, tamowar da ta kawo ciwon ta ci gaba. Ba a iya wanke haƙora daga ciki, sai su ruɓe. Magana ba ta fita sosai. Muƙamuƙin da ba ya motsi ba ya girma daidai, fuska ta karkace. Akwai kuma haɗarin da ya kamata kowace uwa ta sani: in yaron ya yi amai, aman ba shi da hanyar fita, yana iya komawa cikin huhu ya shaƙe shi. Duk lokacin da irin wannan yaro zai yi amai, a kwantar da shi a gefe, kai ƙasa-ƙasa.

Labari mai daɗi shi ne, tabo yana jin magana tun yana sabo. Idan aka fara motsa muƙamuƙi da zarar gyambo ya fara warkewa, ana buɗe baki ana rufewa sau da yawa kowace rana kamar yadda ma'aikatan lafiya suka nuna, ana iya hana shi ƙagewa ko a rage ta ƙwarai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yadda ake gyara, da abin da ake gyarawa da shi

Ba a yin tiyatar gyaran fuska lokacin da ciwon ke ci. Da farko ceton rai ake yi: ƙwayoyin magani ko allurai, ƙarin ruwa, ƙarin jini in ya kama, abinci mai gina jiki, wanke gyambo kullum, cire haƙoran da suka girgiɗe da mataccen ƙashi. Gyara na zuwa ne bayan tabo ya zauna, yaro ya yi ƙarfi, galibi sai an shekara ko fiye.

Ranar aikin, wahala ta farko ita ce sa barci. Tun da baki ba ya buɗuwa, ta hanci ake zura bututun numfashi, da taimakon wata siririyar na'ura mai fitila da ke nuna wa likita hanya. Wannan na cikin dalilan da suka sa ba kowane asibiti ke iya aikin ba. Daga nan a yanke tabon duka, a fasa gadar ƙashin in akwai, har bakin ya buɗu.

Amma in aka bar wurin da aka yanke haka nan, sabon tabo zai maye gurbin tsohon. Saboda haka sai a toshe shi da lafiyayyen nama mai jini a jikinsa. Mafi yawan kayan gyaran daga jikin mutumin ake ɗebo su: fata da nama daga ƙarƙashin haɓa, ko goshi, ko ƙirji, ko baya, ko hannu. Wani lokaci ana juyo naman ne yana maƙale da jijiyarsa, wani lokaci a yanko shi gaba ɗaya a ɗinke jijiyoyin jininsa da na wuya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. In ƙashi ya ɓace, ana iya ɗebowa daga ƙugu ko ƙoƙon kai, a ɗaure da ƴan faranti da kusoshi na wani ƙarfe mai suna titaniyom, wanda ba ya tsatsa kuma jiki ba ya ƙin shi. In akwai rami a ganda wanda abinci ke bi ya fito ta hanci, likitan haƙori na iya yin marfi na roba mai tauri daidai bakin mutum, irin robar da ake yin haƙoran sawa da ita, a haɗa da haƙoran da suka ɓace.

Bayan tiyata kuwa, kayan aikin da ya fi kowane muhimmanci ba shi da tsada ko kaɗan: ƴan falankan iccen nan da likita ke danne harshe da su. Ana jera su a tsakanin haƙora, ana ƙara ɗaya bayan ɗaya, domin bakin ya riƙe buɗuwar da ya samu. Da zafi, yara ba sa so, kuma ba aikin sati ɗaya ba ne, na watanni ne har shekaru.

Bincike ya nuna abin da ke faruwa in aka bar wannan aiki. Likitocin da suka bi sawun waɗanda aka buɗe wa baki a asibitin noma na Sakkwato sun buga sakamakonsu a 2010: bayan ƴan shekaru, ƙasa da rabinsu ne bakinsu ya fi yadda yake kafin aikin. Likitocin Jeneba da suka daɗe suna yi wa yaran Nijar aiki su ma sun ga cewa sakamako ya fi kyau idan an toshe wurin da wadataccen nama, an kuma daɗe ana motsa muƙamuƙi, kuma matasa da manya sun fi ƙananan yara riƙe buɗuwar. Saboda haka in likita ya ce a jira yaro ya ƙara girma tun da yana iya cin abinci, ba wulaƙanci ba ne, ba kuma mantuwa ba ce. In kuma an yi aikin an dawo gida, rabin aikin yana hannun iyaye.

Ba kowace ƙagewar baki ce noma ba

Akwai wasu abubuwa uku da ke hana baki buɗuwa, ya kamata a bambance su.

Na farko tetanos, wanda ake kira sarƙe-haƙora. Yana zuwa ne kwanaki bayan rauni, kamar taka ƙusa ko saran fartanya, ko yanke cibiyar jariri da abu marar tsabta. Baki ya datse, wuya da baya su sandare, jiki na fizga. Wannan na asibiti ne a wannan sa'ar.

Na biyu ruɓaɓɓen haƙori da ya tara mugunya, musamman na can ƙurya. Kunci ya kumbura, baki ya ƙi buɗuwa. In kumburin ya gangara ƙarƙashin haɓa, ko haɗiya da numfashi sun fara wuya, kada a kwana.

Na uku faɗuwa a kan haɓa, daga icce, ko jaki, ko babur. Bugun na iya karya kan gaɓar nan ta gaban kunne ba a sani ba. Ciwon haɓa ya warke, amma bayan watanni a ga bakin yaro na raguwa. A wannan, gaɓar ce da kanta ta haɗe. Duk yaron da ya faɗi a kan haɓa, a riƙa duba buɗuwar bakinsa da yatsunsa uku.

Ina za a je?

Mataki na farko shi ne gidan likita mafi kusa, wato CSI. Ga gyambon dasashi, maganin da aka saba bayarwa shi ne amoksisilin da metronidazol, tare da wanke baki da ƙarin abinci. Likita ne zai auna yaro ya faɗi yawan da za a ba shi, kuma a shanye har ƙarshe ko an ga sauƙi. Kada a saya a tebur ko wajen mai yawo da magani a kasuwa. Tun 2006 dokar ƙasarmu ta ce kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a gidajen likita na gwamnati. In ma an tarar magani ya yanke sai an saya, kuɗinsa bai kai na ɓarnar da ake gudu ba.

In fuska ta kumbura, a nemi takardar turawa zuwa asibitin gunduma na Matamaye, daga nan in ya kama a wuce babban asibitin Damagaram. A cikin garin Damagaram akwai cibiyar ƙungiyar Sentinelles, wadda Edmond Kaiser ya kafa a Lozan ta ƙasar Suwis a 1980, take kuma aiki a kan noma a Nijar tun 1992. Tana karɓar yara masu ciwon, tana jinyarsu, tana bin su har ƙauyukansu bayan sun koma, tana kuma shirya musu tiyata a Yamai, ko a Suwis ga waɗanda ɓarnar ta yi yawa. Ga ƴan uwanmu da ke zaune a ƙetaren iyaka, ta wajen Kwangwalam da Daura har zuwa Kano, akwai asibitin yara masu noma na Sakkwato da aka buɗe a 1999, wanda ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa MSF ke tallafa wa tun 2014, kuma magani a can kyauta ne.

Manya ma da suka yi ciwon tun suna yara, suke rufe fuska da rawani ko mayafi, ƙofa a buɗe take. Ba a makara ba don an yi shekara ashirin da tabon.

Abin da za mu iya yi a gida

A riƙa duba bakin yaro, musamman wanda aka yaye, ko mai rama, ko wanda ya tashi daga zawo, zazzaɓi ko ƙyanda. A fito da shi haske, a ɗaga leɓen sama, a ja na ƙasa, a dubi dasashi, a shinshina. Minti ɗaya ya isa.

A wanke masa baki kullum. Wanda ya iya riƙe asuwaki ko burushi a koya masa. Ƙarami kuwa, a tafasa ruwa ya huce, a sa ɗan gishiri, a naɗe tsabtataccen ƙyalle a yatsa a goge masa dasashi da haƙora a hankali. Yaro marar lafiya shi ya fi buƙatar wannan, kuma shi aka fi bari saboda tausayi.

Kunun yaye kada ya zama gero da ruwa kawai. A ƙara abin da ya samu: garin wake, gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai, zogale, ɗan mai. Jariri nonon uwa zalla har wata 6, a ci gaba da ba shi har shekara 2. In an yi kwanika, ko rurrutsa kamar yadda wasu ke cewa, kada a yi wa na goye yayen farat ɗaya a tura shi wajen kaka a manta da shi. Irin wannan yaro ne ya fi buƙatar ido.

A cika rigakafi, musamman na ƙyanda a wata 9 da na biyunsa bayan an wuce shekara. A kwana cikin gidan sauro, a karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa yara da damina.

Kuma don Allah, kunci mai kumburi kada a yi masa sakiya, kada a tsaga, kada a ƙona, kada a cusa garin magani a cikin gyambo. Addu'a ba ta hana tafiya likita. A yi ta a kan hanya.

Ga ƴan uwa na nesa

Ku da ke can kuna neman na kai, sau da yawa ku ake fara kira in yaro ya kwanta, kuma maganarku ake jira kafin a tashi. In aka ce muku yaro na ciwon baki, ku yi tambaya uku: dasashin na jini? Bakin na wari? Kuncin ya kumbura? Ku ce a turo hoto ta WhatsApp. In amsar ɗaya daga ciki e ce, ku ba da izinin tafiya a cikin wannan kiran, ku turo kuɗin babur ko mota, kada ku ce a jira ranar kasuwa ko a jira ku dawo. Masu barin iyali su yi tafiya mai tsawo, ku bar magana tun kafin ku tafi cewa in yaro ba lafiya a kai shi likita ba sai an same ku a waya ba. Uwa da yawa ta ga kumburin da idonta, abin da ya tsayar da ita izini ne da kuɗin hanya.

In kuma akwai ɗan uwa a gida da aka yi wa aikin buɗe baki, duk lokacin da kuka kira ku tambaya: yau ya yi motsa bakin? Falanki nawa ke shiga yanzu? In lissafin ya fara raguwa, a koma wajen waɗanda suka yi aikin tun bakin bai rufe ba.

Mu kuma da muke gida, yaron da ya tsira daga noma ɗanmu ne. A bar shi ya je makaranta, ya ci a kwano ɗaya da ƴan uwansa, a tsawata wa yaran da ke yi masa dariya. Allah ya kare mana ƴaƴanmu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa mu ga damina mai albarka. Wanda ya karanta, ya gaya wa wanda bai karanta ba.